Abba, Ina Ka Danna Kwamfutar Ta Daina Motsi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba, a can ƙasar da kake. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyi, ya mutanen da kake zaune da su? Mu nan Fatakwal sai godiya, ruwa ake ta yi kamar ba za a daina ba.

Ka san ban yi boko ba. Ina faɗa ne, Malam Ɗanjuma tela yana bugawa a wayarsa, kuma a shafinsa za ta fito, tunda ka toshe lambata. Ya ce bai dace in baza maganar gida a gaban jama'a ba. Na ce ya buga kawai. Ku masu karantawa ku yi haƙuri, ba da ku nake ba, amma kada ku tafi tukuna.

Shekara da shekaru ina riƙe da abu guda a raina game da kai: ba ka taɓa nuna min komai ba. Rediyo ta lalace ka gyara, in tambaye ka me ka taɓa, sai ka ce, "Bari kawai Baba, ba za ka gane ba." Waya haka, janareta haka. Ni kuwa da na zaunar da kai a kwata ina nuna maka inda wuƙa take shiga a gaɓar bijimi, ban taɓa ce maka ba za ka gane ba. Kai ne ka ƙi ganewa. Abin da na faɗa maka a kwatar Trans-Amadi gaban mahauta, cewa wanda ba ya iya tsayawa kusa da jini ba zai riƙe gida ba, na faɗa, kuma ba wannan takardar ce za ta janye shi ba. Ba shi ya kawo ni ba.

Maganar Ummanka ce.

Ka fi kowa sanin halin da take ciki. Injin markaɗen da ta yi shekaru a kansa ya cinye mata kunne, sai ta ga bakin mutum take gane abin da yake faɗa. Wayar hannu ba ta yi mata, fuskar ta yi ƙanƙanta. Ga jirin nan da ya kama ta tun bayan ciwonta, ko fanka tana juyawa ba ta iya kallo, ko keke ta shiga sai ta rufe ido har mu sauka. Likita ya gaya mana a nisanta ta da duk abin da yake motsi a gaban idonta.

Shi ya sa ka bar mata tsohuwar kwamfutarka mai babbar fuska. Ina tune da yammacin da ka haɗa ta a kan teburin ɗakinta. Ka buɗe wani shafi, ya taso daga ƙasa yana kumbura, Umma ta dafe bango. Ka dube ta, ka sunkuya ka yi 'yan danne-danne, sai komai ya tsaya cak. Ka buɗe abu ya fito a tsaye, ka rufe ya ɓace, babu tashi, babu zamewa, babu shanyewa a hankali. Har ka ce ka rage wa tsohuwar kwamfutar nauyi, za ta ƙara sauri. Ina tsaye a bayanka na ce, ina ka danna? Ka san amsar da ka ba ni.

Tun daga nan duk Juma'a bayan la'asar kake kiranta, ta danna koren abin nan da kanta, fuskarka ta cika gilashin. Ni kuma in fita, tunda na san ba ka son ganina.

To, watan jiya Nepa suka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Na naɗe ta a bargo, na hau keke zuwa kasuwar Oil Mill, na kai wa wani injiniya a layin masu kayan wuta. Ya canja abin da ya ƙone, ya ce duk abin da ke cikinta sai an zuba sabo. Na ce ya zuba, ya dai mayar min da wajen kiran nan. Ya mayar. Da zan ɗauka yana ta murmushi, ya nuna min cikin gilashin, wai ya sa min teku tana kaɗawa, kifaye suna yawo. Ya ce, "Baba, this one na jara." Ƙari ne ya yi min, irin yadda nake ɗora wa mai sayen nama 'yar tsoka a sama. Ni da na tsufa a kasuwa ba na mayar wa mutum ƙarinsa a fuska. Na yi godiya na taho. A rumfarsa ban lura da sauran ba, shi yake dannawa, hannunsa kuma da sauri.

A gida na gani. Duk abin da ka kashe ya dawo, har da 'yan uwansa. In an buɗe shafi sai ya taso yana kumbura, in an rufe sai ya tsuke ya zame can ƙasa kamar an zuƙe shi. Kira in ya shigo, wani akwati ne daga gefe yake sulalowa, wani zobe yana buɗewa yana rufewa a kansa. Ga shi kwamfutar tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar nauyin, sai motsin ya riƙa ƙagewa yana fizga. Umma ta kalla sau ɗaya ta nemi roba ta yi amai.

Na koma wurin injiniyan. Ya cire tekun da kifayen. Na ce saura sauran. Ya ce wane saura? Na yi masa da hannu, na nuna yadda abin yake tashi yana sauka, maƙwabtan rumfarsa suna dariya. Ban san sunan abin da Turanci ba, kai kuma ba ka taɓa gaya min ba. Ya ce haka sababbi suke zuwa, wai in kai Mama asibiti. Na gaya masa abin da na gaya masa, na kuma rantse ba zan ƙara taka rumfarsa ba. Na kai wa wani a gaba, shi ya ɗauka cewa nake tana da nawa, ya share wasu abubuwa ya ce ta yi sauri. Sauri ta yi wajen tashin. Malam Ɗanjuma ya gwada, shi iyakarsa waya.

Sai na yi dabara. Juma'ar farko na rufe gilashin da mayafinta, na ce in kiran ya shiga ya zauna sai in yaye. Amma ta cikin mayafi ba na ganin inda 'yar kibiyar take, na danna ja a maimakon kore. Juma'a ta biyu na ce ta juya baya, ni in amsa, in komai ya lafa ta juyo. Na amsa. Ka ga fuskata, ka kashe. Ko sallama ba ka bari na ƙarasa ba, Abba.

Na aika maka ta bakin Hauwa ƙanwarka daga Inugu. Ta ce ka ce dabarata ce, wai na hana uwarka magana da kai don in tilasta ka ka neme ni. Ni? Ni da na ɗauki kwamfutar nan a ka cikin ruwa daga bakin titi har gida?

Yanzu ka ji abin da Hauwa ba ta sani ba, don ban gaya mata ba saboda tana da tsohon ciki. Juma'ar da ta wuce ruwa ya tsare ni a hanyar Aba, motoci sun cushe, ban iso da wuri ba. Ka kira. Umma ta ga hasken daga kan gado, ta tashi ita kaɗai ta je ta danna. Ban san me ka gani daga can ba, wataƙila silin. Maƙwabciyarmu matar Malam Ɗanjuma ce ta ji faɗuwar. Goshinta ya bugi kusurwar tebur, sai da aka yi mata ɗinki. Na iso na tarar da jini a kan leda. Na yi shekaru ina wanke jini a hannuna, ranar nan kasa riƙe tsumma na yi.

Da ta farfaɗo ba ta tambayi kanta ba. Cewa ta yi, "Yaron nan zai ce na ƙi shi." Kuma ta rantse wannan Juma'ar ma za ta sake gwadawa, ko ina nan ko ba na nan. Ka san uwarka in ta rantse.

Don haka na zare igiyar wutar kwamfutar. Tana cikin aljihun rigata yanzu da nake maganar nan, da ita nake zuwa kwata, da ita nake zuwa masallaci. Ka ga abin da ka zarge ni da shi ya zama gaskiya ke nan, yanzu kam ni na hana ta. Ta daina kallon bakina, ka kuwa san in ba ta kalli bakin mutum ba, ko ihu yake ba ta ji. Tuwo in an kawo sai ta ture. In na mayar da igiyar, ina tsoron in dawo in tarar da ita a ƙasa. In ban mayar ba, ina kallonta tana ƙarewa a zaune. Ka gaya min wanne zan ɗauka.

Akwai abin da ban so Malam Ɗanjuma ya ji ba, amma tunda shi ne hannuna, ya ji. Duk Juma'ar da nake fita in bar muku ɗakin, ba nisa nake yi ba. Bencin bayan taga nake zama. Saboda kunnenta kana ɗaga murya, ni nake amfana. Na san lokacin da ka yi mura. Na san ranar da ka ce mata ka ƙoshi alhali muryarka ta mai yunwa ce. Har yanzu in za ka yi dariya sai ka fara jan numfashi, kamar sanda kake ƙarami ina ɗora ka a wuya mu je kallon jiragen ruwa, kana riƙe da kunnuwana. Tunda abin nan ya lalace ni ma ban ji muryar ba. Ba ƙorafi nake ba, faɗa nake kawai.

Allah ya tsare min kai a inda kake. Allah ya ba ka lafiya da abinci na halal, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin baƙunta. Allah ya ba Ummanka sauƙi, ya sa ta ga fuskarka tana zaune daram ba tare da ɗakin ya juya mata ba. Amin.

Ban ce ka dawo ba, ban ce ka gaishe ni ba. Jibi Juma'a. Ka ɗauki murya ka turo wa Malam Ɗanjuma, da Hausa, a hankali: ina zan fara shiga, wane hoto zan nema, na sama ko na ƙasa, me zan kashe. Karatu ne ban iya ba, amma ina gane hoto kuma hannuna ba ya rawa. In ka ga dama ka yi kamar da wani kake magana ba da ni ba. In kuma ka ƙi, ku da kuka karanta har nan, a cikinku ba a rasa wanda ya san inda ake kashe motsin nan. Kada ku rubuta min Allah ya kyauta ku wuce. Wani ya amsa min kafin la'asar ɗin Juma'a.

Ni ne mahaifinka,
Sule Mahauci, Fatakwal.