Yaƙin Langa da Ya Ceci Karatun Sani

Zuwa ga Yaya Garba a Jos,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabi irin na ƙani ga wansa. Yaya aiki, yaya sanyin Jos, yaya iyali? Mu nan Makarfi lafiya lau, sai godiya.

Bayan haka, ni mai girma ƙaramin malamin elementare ina sanar da kai wani gagarumin al'amari. Baba ya ƙudurta cire ɗanka Sani daga makaranta, wai tsalle-tsalle kawai muke koya masa, ga lissafi ya ƙi shiga kansa. Da ya zo tafiya da shi gona, sai ya tarar lokacin motsa jiki ne, yara suna langa.

Sani ne sarkin yaƙin rundunarsa. Ya tura ƙartinsa dama suna ihu, abokan gaba suka bi su, shi kuwa ya sulale ta hagu da ɗan mitsitsin yaron da rundunarsa ke karewa, har suka ci wasan. Na ce, “Barde, dakaru nawa suka rage maka?” Nan take ya ce, “Baffa, mu tara ne, huɗu sun faɗi, saura biyar.” Mutumin da allo ke sa wa gyangyaɗi fa ke nan!

Da jin haka sai Baba ya ce, “Kai Musa, ashe tsallen naku yana buɗe kai. Ku riƙe shi, amma ran Asabar nawa ne.”

Ka sa mu a addu'a, Allah ya ƙara wa Sani basira. Ka gaida Yaya Hajara. Inna tana gaishe ka.

Ƙaninka mai biyayya, kwamandan mayaƙan ƙafa ɗaya,
Musa