Abin da Aka Fara Kwashewa

Zuwa ga Yaya Babba,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da yara, ga abin da na gani da idona a shagon mai gyara. Ba zan haɗa da abin da nake zato ba.

Kin san kwamfutar ƙanwarki marigayiya ta daina kamawa. Na saya wa ɗiyarta Lele sabuwa, muka tafi tare da baban Lele domin a kwashe abin da ke cikin tsohuwar. Mai gyara ya kwance bayanta, ya ciro faifan ajiya, ya jona shi da sabuwar. Faifan ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas. Mai gyara ya ce yana gab da mutuwa, ba lallai ya kai ƙarshen aikin ba, saboda haka mu zaɓi abin da za a fara ɗauka.

Folda biyu ne masu muhimmanci. Ɗaya kundin digirin baban Lele ne, wanda marigayiya take buga masa kafin ta kwanta ciwo. Ɗayar muryarta ce, wato labaran da ta naɗa wa Lele a gadon asibiti domin yarinyar ta riƙa ji. Mai gyara ya bayyana cewa kundin ya fi nauyi, saboda hotuna da taswirori. Na ce a fara da muryar. Baban Lele ya tuna mini cewa kwamfutar ta matarsa ce, sannan ya ɗora yatsa a allo ya ce, "Fara da nawa. Nata ba inda za shi."

Nasa ya gama shiga. Kafin a taɓa nata, faifan ya yi shiru. A hanyar dawowa baban Lele ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya kuma tambaye ni inda ake ɗinke kundi da kyau.

Sabuwar kwamfutar tana wurina, tsohon faifan ma haka. Ki gaishe da maigidan.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Gaisuwa ta taƙaice, don raina a ɓace yake. A tsaye na karanta takardarka, har tukunyata ta kama. Wai kai kana wurin, ka faɗi magana ɗaya ka koma ka naɗe hannu? Boko ya cinye maka baki ne? Da ni ce, da mai gyaran ne zai raba ni da baban Lele.

Ƙanwata da zazzaɓi a jikinta take buga masa shirmensa, yana kwance yana gyara mata waƙafi. Yanzu Lele duk ta kira ni sai ta tambayi yaushe za ta ji labarin kyanwar da ta ƙi wanka. Me zan ce mata?

Jiya uban nata ya kira ni, wai ba ka ɗaukar wayarsa, ga ranar kare kundi ta matso, kuma ba shi da wani kwafi a ko'ina. Har da cewa in yi maka magana tunda ni ce babba. To ga maganar babba: ka goge kundin nan. In ba za ka iya ba, kawo mini kwamfutar, akwai turmi a gidana.

Allah ya jiƙan ƙanwata. Ka ci abinci.

Yayarka ta gaskiya

Zuwa ga Yaya Babba,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na jinkirta amsa ne domin sai da na koma wurin mai gyara. Ya shaida mini cewa akwai wani wuri da ake buɗe mataccen faifai a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Aikin yana da tsada, yana cin makonni, kuma su ba sa zaɓe: abin da ya fito, gaba ɗaya yake fitowa.

Baban Lele ya same ni a ofis. Ya daɗe yana magana a kan shekarun da ya kashe a kundin, da abin da malamansa za su ce. Sunan Lele bai fito daga bakinsa ba. Na bar shi ya gama, na miƙa masa aikinsa a cikin ambulan a liƙe. Ya yi ta godiya har bakin ƙofa, ya ce dama ya san ni mai hankali ne.

Ki faɗa wa Lele ta ƙara haƙuri kaɗan. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Auta

Gyara ɗaya: na rubuta cewa na miƙa masa aikinsa. Daidai shi ne, na miƙa masa tsohon faifan da adireshin wurin. Kwafin da ke cikin kwamfutar Lele na goge shi. Kundin nasa yanzu wuri ɗaya yake a duniya, tare da muryarta.