Igiyar da Mas'ud Ya Dawo da Ita

Ƙanƙara, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar zumunci. Ya ƙafar taki, ya ƙoƙarin Malam? Ya mutanen Damari da zaman ɗar-ɗar? Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Yaya, maganar ɗanki Mas'ud ce ta sa ni rubutu. Tun da ya buɗe shagon gyaran waya ba ya da zance sai na kuɗin intanet da suke kira kirifto. Yanzu ya kafe sai an sayar da shanun huɗa biyu da marigayi mahaifinsu ya bari a hannun Baffa Rabo a Faskari, ya sayi kirifton tunda farashinsa ya faɗi.

Ya zaunar da ni ya yi mani bayani cikin ladabi. Wai da manyan injina masu shan wuta ake haƙo shi, don haka farashinsa ba zai taɓa sauka ƙasa da abin da aka kashe wajen haƙarsa ba. Wai yanzu ya kai daɓe, sai hawa. Ni ban san inji ba, na rasa ta inda zan musa. Abin da na sani, akwai rabon ƙanwarsa Nana Aisha cikin shanun nan, kuma mun karanta abin da aka ce game da dukiyar maraya. Na faɗa mashi, ya ce ai ninka mata zai yi.

Jiya ya sayo sabuwar igiyar da zai ja shanun kasuwa da ita. Gobe zai tafi Faskari. Ki sa mu cikin addu'a.

Ƙanwarki,
Hamida

Ƙanƙara, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ke da Malam da yara. Na ga daddawar da kika aiko, Allah Ya bar zumunci.

Ki kwantar da hankalinki, shanu na nan a turkensu.

Kin san halin Baffa Rabo, ba ya gardama da yaro. Da Mas'ud ya gama bayani, sai ya ce ya ji, amma tunda ga ƙato ya samu, ya fara raka shi kasuwa da masarar bana, kuma shi ɗan boko shi zai yi ciniki.

Dillali ya taya. Mas'ud ya ce ko kuɗin taki bai kai ba, ya shiga lissafa mashi huɗa da noma da feshi. Dillalin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira shi Alhaji Akawu, ya ce shi masara ya zo saye, in taki yake so ya san shagon. Suka zagaye kasuwa kaf, ba wanda ya ƙara ko sisi. Da la'asar Baffa ya sallama, don akwai bakuna a gida.

A hanya Mas'ud ya tambaye shi yadda za a yi baɗi. Baffa ya ce wanda ya kasa jurewa ya bar masara ya koma noman dawa, wanda takinsa na turke ne, wato kashin shanunsa, ya ci gaba, kasuwa kuwa ba ta san an yi ba. Mas'ud ya ce mani nan ya farga. Ashe masu injinan ma haka suke: in farashi ya faɗi, mai tsadar wuta ya kashe nasa, haƙar ta yi wa sauran sauƙi, daɓen kirifton ma ya ƙara sauka.

Yaya, na ga kunya ta ishe shi. Bai bar kirifton ba. Ya ce zai riƙa sa ɗan abin da ya samu a shago, na ce ya fara tambayar malamai hukuncinsa. Ko ya hau ko ya sauka yanzu, ban tambaya ba.

Igiyar kuwa ya dawo da ita a naɗe, ya ajiye bakin ƙofata. Nana Aisha ba ta san abin da aka sayo ta dominsa ba. Ta ɗaure ta tsakanin dalbejiya da katanga, yanzu haka kayan makarantarta ne shanye a kai.

Ki gaishe mani da Malam da kyau.

Taki har kullum,
Hamida