Ba Ƙwaya Ce Ta Kashe Luƙman Gado Ba

Cikin alhini, da kuma wani abu da ya fi alhini ƙuna a ƙirji, Ƙungiyar Tsofaffin Malaman Lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi da Tibiri take sanar da al'ummar Arewa rasuwar ɗanta kuma ɗalibinta, Malam Luƙman Gado na Dumega, mai neman digirin dakta a ilimin ƙwaƙwalwa, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talatar da ta gabata. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Ni da anka ɗora wa rubuta wanga saƙo, na taɓa ji a wani zaman suna a Tibiri wai yaron Gado da munka yi wa rakiya zuwa karatu ƙetare, aikinsa can shi ne bai wa ɓeraye tiramol. Na yi dariya, na ce Arewa ba ta taɓa rasa masu ƙirƙira ba. Ashe wannan gaskiya ne. Ƙaryar ita ce abin da anka ɗora wa maganar a hanya kafin ta iso Dutsi, wai in ya bai wa ɓera ɗaya, shi sai ya haɗiye biyu.

Ga abin da marigayi yake yi, don wanda bai taɓa tambaya ba. Ya yi mana bayani cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da Allah Ya halitta, wadda ke sa mai yunwa ya ji daɗin tuwo har ya nemi ƙari gobe, kuma ƙwaya tana shiga ta wannan hanya ta mamaye ta, har tuwo da iyali da sallah su daina ɗanɗano. Tambayarsa ɗaya ce: me ya sa saurayin da ya yi wata da watanni da daina shan ƙwaya, da ya wuce ta gindin bishiyar da ya saba sha, sai jikinsa ya ɗauka da sha'awarta? A kan wagga tambaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wanke kejin ɓeraye, yana yanka ƙwaƙwalwa siriri kamar ɓawon albasa, yana sake gwajin da ya lalace, sunansa kuma na zuwa can ƙarshen takarda bayan na manya. Sallah biyu bai zo gida ba, domin a cewarsa ɓera bai san Sallah ba.

In ya zo hutu kuwa, ba a ganinsa a majalisar masu takarda. Tashar ƴan kabu-kabu yake zama, ko wurin masu lodin buhunan wake, yana sauraron ɗiyanmu da mu kanmu munka gaji da sauraro. Iyaye sun same shi ya faɗa musu wane ne ke sha, ya ƙi, ya ce amana ce. Ya gaya wa masu cewa iska ce ta taɓa yaran cewa ciwo ne. Ya gaya wa masu cewa lalacewa ce kawai, maganinta bulala, cewa ciwo ne. Ɓangarorin nan biyu, da ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba a garin nan, sai ga su sun haɗu a kan Luƙman: ai wanda ke kare mashaya, nasu ne.

To, jama'ar Arewa, ga abin da maganarku ta haifa. Ranar Litinin da hantsi marigayi ya sauko daga motar Yamai a tashar Dogon Dutsi, jikinsa kamar garwashi, wuyansa ya ƙage, yana sambatu, ya yi taku kaɗan ya faɗi. Tashar cike take, kuma babu wanda bai san shi ba. Akwai ƴan kasuwa, akwai ma'aikata, akwai masu gemu da marasa gemu. Anka ce kayan aikinsa ne ya ɗanɗana, a bar shi ƙwayar ta sake shi. Anka ja shi inuwa, anka watsa masa ruwa, wani ma ya ɗauke shi a waya yana dariya. Nan ya kwanta har rana ta karkata, sai da labari ya kai kasuwa wurin ƙanwar mahaifiyarsa, Hajiya Habsatu, ta bar kayanta ta zo ta kai shi asibiti. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, muna gode musu. Sun ce sanƙarau ne, ciwon da ba ya jira, kuma da izinin mahaifiyarsa muke faɗa.

Mun san ajali ba ya wuce lokacinsa, mu munka karantar da ku wannan. Amma ba mu karantar da ku tsallake mutum kwance ba. Kuma a ce ma ƙwayar ce, sai me? Wanda ya sha ƙwaya ya faɗi, ba ɗan wani ba ne? Ba a kai shi asibiti? Abin da Luƙman ya yi ta faɗa muku ke nan kuna taɓe baki, har kunka gwada a kansa. Ƙungiya tana kira ga wanda ya ɗauki hoton nan ya goge shi, ga masu yawo da shi su ji tsoron Allah, ga limamanmu masu daraja kuma su faɗi sunan ciwon a kan mumbari ranar Juma'a, a Dutsi da Tibiri da Dumega, tunda a fili anka ɓata shi.

Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifinsa, dattijo mai mutunci Malam Gado, da mahaifiyarsa Malama Fa'iza, da Hajiya Habsatu, da malamansa da abokan bincikensa. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa wahalar da ya sha don ɗiyan mutane ta zama haske gare shi, Ya ba iyayensa haƙurin da ba ya cikin ikon ɗan Adam.

Ga masu cewa ƙungiya ta yi zafi a wurin da ya kamata a yi addu'a kawai, ku sani maganar nan ba ta tsaya a tasha ba. Na ji ta a maƙabarta, na ji ta a tabarmar zaman makoki. Wanda na ji ta a bakinsa na ƙarshe, bayan jama'a sun watse, ya riƙe hannuna ya roƙe ni don Allah in gaya masa ko gaskiya ce, domin ya ji likita amma gari duka ba zai yi ƙarya ba. Malam Gado ne, mahaifinsa.

Alhaji Ma'azu Ɗanmalam
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Malaman Lakwal
Dogon Dutsi da Tibiri