Tukwanen Ƙashi da Ɗakin Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwar girmamawa daga 'yarki, da fatan kina cikin rahama a makwancinki. Na rubuto ne in sanar da ke cewa ƙarshen watan nan zan bar ɗakinki na Unguwar Mu'azu. Gara ki ji daga bakina.

Kin san aikina: in feɗe tsuntsun da ya mutu, in zana ƙasusuwansa da kayan cikinsa saboda littafin ɗaliban likitancin dabbobi. Tafasawa tana lalata ƙananan ƙasusuwa, shi ya sa nake binne tsuntsun a tukunyar yashi, tururuwa su cinye naman. Tukwane tara ne yanzu a bayan ɗaki.

Makon jiya Maman Chidi, mai sayar da kaji a Sabon Tasha, ta aiko mini da wata busasshiyar mujiya da mota ta buge. Matan gidan nan suka tarar da ni ina goge ƙoƙon kanta da burushin haƙori. Kafin azahar na zama matsafiya, har zazzaɓin jaririyar maƙwabciya ni aka ɗora wa.

Alhaji mai gidan ya ce in zaɓa, ko tukwane ko ɗaki. Na kai masa zanen fiffike, ina nuna masa yadda Allah Ya rarake cikin ƙashin don tsuntsu ya iya tashi. Ko kallo bai yi ba, sai a'uziyya yake ja.

Kin tuna ina 'yar shekara tara na sace ƙundun kazar Sallah, rabon Baba, na ɓoye ina zana shi har ya yi wari? Da Baba ya laluba miya bai samu ba, kika dube shi ido cikin ido kika ce, "Malam, wannan kazar haka Allah Ya yi ta." Kin ja mini kunne daga baya, amma washegari ke kika koya mini cire matsarmama ba tare da ta fashe ba.

To, ba zan fasa tukunya ko ɗaya ba, kuma ba wanda zan ba haƙuri. Su mutanen gidan nan suna tauna ƙashin kaza har ɓargo, ni da na wanke shi na auna ni ce abin tsoro. Na samu ɗaki a Kakuri, kusa da tsohuwar masaƙa.

Amma Innata, raina yana ciwo. A ɗakin nan kika cika, kanki a kan cinyata. Inda kike jingina a bango har yau akwai tabon man gashinki, shi kuwa ba zai shiga a-kori-kura ba. Jiya na ture zanen mujiya na zana shi, tun kafin wata ta shigo ta shafe shi da fenti.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki ɗakin da ba mai tashin ki.

'Yarki mai taurin kai,
Ladidi