Gwiwar Sahabi da Taken Ƙasa

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin shirya kokowar bayan girbi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka sannu da aiki da gajiyar taron da ya wuce. Ina fata iyali suna lafiya.

Sunana Malam Iliyasu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tajaye. Shekara ashirin da ɗoriya ina jera yara a gindin tuta kowace safiya. Na koyar da tsohon taken ƙasa, da aka sauya shi na zauna da takarda na haddace sabon kamar ɗan aji ɗaya, sannan na koyar. Na faɗi haka ne don kada wani a kwamitinka ya zaci wasiƙar nan daga wanda bai san tuta ba ta fito. Sau biyu na zo buronka, wato ofishinka, sau biyu aka ce mini kana taro. Tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, ga ni a dandali, kowa ya ji.

Maganar a kan Sahabi ce, ɗan yayata, wanda makaɗa ke yi wa kirari da Turmi. Ranar Asabar da ta wuce kwamitinka ya soke sunansa daga gasar, ya kuma hana shi shiga fili, wai ya wulaƙanta taken ƙasa. Ranar Laraba mai zuwa za ku aika sunayen waɗanda za su wakilce mu a babbar gasar birnin Tawa. In ba a gyara ba kafin nan, an gama da shi. Ga abin da nake so ka ji.

Na ɗaya, abin da ya faru, da idona na gani. Aka jera 'yan kokowa a tsakiyar fili, Sahabi a gaba saboda tsayinsa. Mai magana a amsa-kuwwa ya yi dogon bayani da Faransanci, sannan ya juya Hausa ya ce a natsu a ba ƙasa girmanta. Aka saki take. Sahabi ya sa gwiwa biyu a ƙasa, ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba sai da kiɗan ya ƙare. Bai juya baya ba, bai yi magana ba, bai ɗaga hannu ba. Iyakar laifin ke nan.

Sahabi bai taɓa shiga lakwal ba. Lokacin da tsararsa ke koyon ƙamewa a gindin tuta, yana daji bayan awakin ubansa, kuma a nan ni ma ina da nawa laifin, tunda kawunsa ne ni, na koyar da 'ya'yan mutane na bar na gida. Duk kokowarsa ta ƙauye ce, daga Tajaye zuwa Dogarawa zuwa Bazaga, inda ganga ke buɗe fili, ba take ba. Ran nan ne karo na farko da aka kaɗa masa taken ƙasa yana cikin fili. Aka ce masa ya ba da girma, ya ba da irin wanda ya sani.

Mai girma Shugaba, ina tambayarka tsakaninka da Allah: in ka je gaida mahaifiyarka, a tsaye kake yi, ƙirji a gaba, hannu a cinya? In ka shiga zauren surukinka, ƙamewa kake yi? A ƙasar nan yaron da ya gaida babba a tsaye, har kakarsa sai an zaga. Ni kaina na ga ka durƙusa gaban hakimi ran buɗe gasar, babbar rigarka tana sharar ƙasa, ban ji an soke sunanka ba.

Akwai kuma abin da kai ka fi ni sani, tunda kai ke riƙe da dokokin wasan. A kokowa, gwiwa biyu a ƙasa kaye ne. Ɗan kokowa ya gwammace a karya masa haƙarƙari da ya bari gwiwarsa ta taɓa yashin fili. Sahabi ya shekara goma sha ɗaya yana kokowa, an ture shi, an gurɗe masa kafaɗa, sau ɗaya an kai shi ƙasa ta baya yana sabon shiga, amma ba a taɓa durƙusar da shi ba. Abin da ya hana wa ƙattin gundumomi uku shi ya ba ƙasarsa kyauta, a gaban abokan karawarsa. Ku kuma kuka kira shi cin mutunci.

Na biyu, na san inda kuka samo fassararku. Ba a garin nan kuka same ta ba, a salula kuka gani. Kun ga 'yan wasan wasu ƙasashe masu nisa suna durƙusawa lokacin takensu don nuna fushi da hukuma, sai wani yaron birni ya ɗauki hoton Sahabi ya watsa da rubutu a ƙasa cewa ga namu ya fara. Kafin la'asar hoton ya isa har birnin Ƙwanni. Kafin magariba kun yanke hukunci. Abin dariya, in da wurin dariya ne: kwamitin da ya cika mana kunne da cewa lokacin kwaikwayon baƙi ya wuce, shi ne ya ari idon baƙi ya kalli durƙuson Bahaushe. Sahabi ba shi da salula mai hoto. Tasa irin mai tocila ce, lambar uwarsa ma sai an latsa masa. Bai san akwai wata duniya da durƙuso ke nufin rashin kunya ba.

Kuma ba wanda ya tambaye shi. Mutum tara kuka zauna a ƙarƙashin rumfa, yana tsaye a rana nesa kaɗan da ku da layunsa a damtse, ba wanda ya ce a kira shi a ji ta bakinsa. Ko ɓarawon akuya a kasuwar Malbaza ana tambayarsa kafin a ɗaure. Takardar da kuka miƙa masa da Faransanci take, ya naɗe ta da kyau ya kawo mini yana murna, a zatonsa takardar zuwa Tawa ce. Ni na karanta masa. Ba na yi wa maƙiyina fatan irin wannan karatun.

Na uku, tunda maganar ladabi ga take ake yi, bari in faɗi abin da na hango daga inda nake tsaye, don aikina ke nan, duban bakin masu rera take. Mutum biyu a rumfarku suna waya har aka gama. Ɗaya ya miƙe rabi, hannu a kan kujera, kamar mai jiran a ce ya isa. Mataimakinka, Allah ya ba shi lada, ya rera da ƙarfinsa, sai dai tsohon taken yake yi a kan kiɗan sabon, bai kuma lura ba har ƙarshe. Ban ce a soke kowa ba. Ƙafa na ciwo, kai na mantuwa. Amma in za a auna kishin ƙasa da abin da jiki ya yi a cikin minti biyun nan, to ban san wanda zai rage a rumfar ya sa hannu a takardar Sahabi ba.

Na tambayi Sahabi abin da ke ransa da ya durƙusa. Ya ce bai ji ko kalma ɗaya a waƙar ba, amma da kiɗan ya tashi sai ya tuna da ƙanensa Nasiru, wanda yake soja, wanda tun kafin damina uwarsu ba ta ji muryarsa ba. Ya ce addu'a ya yi ta yi masa har kiɗan ya tsaya. Gidan da kuka liƙa wa sunan maƙiyan ƙasa ke nan.

Na huɗu, a ɗauka ma fassararku gaskiya ce. A ɗauka wani ɗan kokowa ya durƙusa ne don yana da kuka da hukuma. Sai me? Ɗan da ya zo gaban uwarsa ya ƙi cin tuwo, uwa ta gari tambayarsa take yi me ke damunsa, ba ta canja masa uwa. Ƙasa ba ta kwamiti ba ce, ba a kuma ba ku ajiyar hatiminta ba. Abin da na karanta na tarihi bai nuna mini ƙasar da ta rushe don wani ya durƙusa a filin wasa ba. Waɗanda suka lalace, na ga galibi sun lalace ne a hannun masu ƙamewa da kyau a gaban tuta suna cin amanarta a bayan rumfa.

Na biyar, abin da hukuncinku ya jawo. Yayata, mahaifiyarsa, ta daina zuwa rijiya da safe saboda habaici. Ran kasuwa wani mai shayi ya ƙi ba Sahabi kofi, ya ce ba ya sayar wa 'yan tawaye. Rani uku a jere bai tafi cin rani ba, yana nan yana gudu a fako, yana ɗaukar damman gero a madadin ƙarfe, don wannan tafiya Tawa. Shekarunsa sun haura talatin, kuma ka san ƙarfin ɗan kokowa ba ya jiran kwamiti. Jiya na tarar ya kwance layunsa ya sa a buhu. Ya ce in Laraba ta wuce zai hau mota ya tsallaka iyaka, can wajen Sakkwato akwai masu son kokowarsa, ba kuma wanda zai tambaye shi yadda yake gaisuwa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A kira Sahabi a gaban kwamiti kafin Laraba, a tambaye shi da Hausa, a saurare shi. A mayar da sunansa, ya kara da wanda ya kamata ya kara da shi, in an kayar da shi mu koma gida ba ƙorafi. Sannan amsa-kuwwar da ta shelanta korarsa bayan ya bar fili, ita za ta shelanta cewa an yi kuskure, don uwarsa ta koma rijiya. In kuna son 'yan kokowa su riƙa tsayawa, ku gaya musu da harshen da suke ji. Ni zan zo in koya musu kyauta, har da 'yan rumfa in suna so.

In kuwa Laraba ta yi ba labari, to ka saurare mu da hantsi. Ni da yayata da dattawan unguwarmu za mu zo ƙofar buronka mu roƙe ka, kuma ba mu san wata hanyar roƙon babba ba sai wadda iyayenmu suka koya mana. Za mu durƙusa. Ka tanadi takardu da yawa, don mun kai ashirin.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga shawarar salula, ya dawo da Nasiru da 'yan'uwansa sojoji gida lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.

Wassalam.

Malam Iliyasu, kawun Sahabi,
Tajaye.