Na'urar kunnen Hafsi mai ɗigon jan farce

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta raba na'urorin kunne a Kalgo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na'urar ɗiyata nake so a maido min, ita ainihin wadda kunka sa mata. Ni Saratu ce daga Malisa. Ban yi boko ba, ina faɗa ne Malama Rifkatu ta firamare tana rubutawa.

Na ɗaya. Hafsi shekararta biyar, tun da ta yi sanƙarau ba ta ji. Bayan ƙaramar Salla munka zo Kalgo, likitanku ya sa mata abin a kunne. Na kira ta daga baya, ta waiwayo. Kun gani, har hoto kunka ɗauka ina kuka.

Na biyu. Da munka koma gida na ɗiga wa abin jan farce ta ciki, kamar yadda muke yi wa kwanoninmu kada su ɓace a gidan biki.

Na uku. Ranar wata Talata wani mutum ya zo kan babur da rigarku. Ya ce za a kai na'urorin Gwandu a ƙara musu ƙarfi. Ya san sunan Hafsi, ya san na babanta, takardar sunaye na hannunshi. Wa ya ba shi? Ya sa na dangwala yatsa a takarda, ban san mi anka rubuta ba, ya tafi da na'urar.

Bayan sati biyu ya dawo da wata. Kala ɗaya, amma babu ɗigona. Ba ta da nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce gogewa anka yi. To, in an goge ɗigo, ji ma gogewa ake yi? Na kira Hafsi har muryata ta dushe, ba ta waiwayo ba. Lambar da ya bari ba ta shiga.

Na huɗu. Shekaranjiya wani mai babur daban ya yi ta hon a bayan Hafsi a bakin hanya. Allah ne ya tsare, zanenta kawai taya ta kama. Ta saba da ji, ta daina waige-waige irin na da. Yanzu ko ƙofar gida ba na barinta.

Ina roƙo ku faɗa min ko mutumin naku ne. A karanta min abin da na dangwala. A duba kunnen wa na'urar Hafsi take yanzu. In ba naku ba ne, ku sanar a rediyo, don na ji yana tambayar hanyar Dodoru.

Allah ya ƙara girma, ya raya muku naku ɗiyan da jinsu.

Kada a ce a yi shiru da maganar. Na riga na faɗa wa maigidana, da mai unguwa, da liman, da matan Dodoru biyu da munka hau mota ɗaya zuwa Kalgo. Su sun ɓoye na'urorin ɗiyansu kada ya karɓe.

Wassalam.

Saratu, uwar Hafsi, Malisa.